Wa Ya Taɓa Ƙwallon Alhaji?

Da zarar damina ta ja baya, ciyawa tana nan kore shar, hunturu bai kankama ba, sai ƙafar 'yan golf ta fara ƙaiƙayi. A cikin abokan wasana na Kaduna gardamar ba ta canzawa. Wasu su ce a hau jirgin ƙasa daga Rigasa a sauka Abuja, a kwana biyu ana fama da tafkunan filin IBB masu haɗiye ƙwallo. Wasu su ce a'a, a bi ta Saminaka a hau Jos, a buga a Rayfield, filin da ke nan tun zamanin Turawan kuza, inda mutum zai gama rami 18 rigarsa ba ta jiƙe ba. Wannan yana lissafin kuɗin masauki, mai ciwon gwiwa yana tambayar hawa da gangara. Ni kuwa tambayata ɗaya ce: da wa za a haɗa ni, kuma wane irin sabo ne tsakaninsa da mai ɗaukar masa jaka?

Wanda bai san wasan ba zai ce ina ruwana. To, golf ba ƙwallon ƙafa ba ce da alƙali ke biye da kai da usur. Fili ne mai faɗin gaske, ga bishiyoyi ga kwazazzabai, kowa yana bin tasa ƙwallon inda ta faɗa. Ginshiƙin dokar, wadda hukumar R&A ta St Andrews a Skotland da takwararta USGA ta Amurka suke rubutawa, shi ne ka buga ƙwallo a inda ka same ta. Idan ka motsa ta, kai za ka ci kanka tara, kai za ka faɗa wa abokin wasanka ya rubuta a kati, kai za ka sa hannu a ƙarshe.

Ga abin da idona ya gani a wani fili da ba sai na ambaci sunansa ba. An haɗa ni da wani dattijo mai mutunci, wanda lokacin salla ba ya wuce shi ko a tsakiyar wasa. Ya buga, ƙwallon ta karkace ta nufi gindin wata darbejiya, cikin ciyawar da ta kai gwiwa. Kadinsa, wato yaron da ke ɗaukar jakar sanduna, ya ruga gaba. Shi kuwa Alhaji sai tafiyarsa ta yi sanyi. Ya tsaya ya zaro waya, ya duba, ya mayar aljihu, ya juyo yana tambayata farashin buhun taki a bana. Ta gefen kafaɗarsa ina hango yaron: ya ajiye jakar ta kare shi, ya sa gefen silifas ya shuri abin sau biyu, a hankali. Da muka isa, ga ƙwallo zaune a kan ɗan tudu mai gajeriyar ciyawa, ba reshe ko ɗaya tsakaninta da tuta.

"Ranka ya daɗe, itace ta buga ta dawo," in ji yaron.

Alhaji ya ce, "Kai, yau da sa'a na fito. Alhamdu lillahi."

Ba shurin yaron ne ya tsaya mini a rai ba, wannan hamdalar ce. Mutumin bai yi ƙarya ba, bai taɓa ƙwallo ba, bai ce a taɓa ba. In ka ba shi Alƙur'ani zai dafa cewa bai ga komai ba, kuma da gaske bai gani ba, domin ya shirya wa idonsa wani aikin a daidai lokacin. Tambayar da nake ta juyawa ita ce: mutumin da ya tsara rashin saninsa da kansa, yana cikin waɗanda ake yi wa uzuri da rashin sani?

Dokar golf ba ta ɓata lokaci a nan. Abin da kadinka ya yi a cikin wasa, kai ka yi. A gasar Open ta Birtaniya ta 2001, a filin Royal Lytham, Ian Woosnam ɗan Wales ya shiga ranar ƙarshe yana cikin na gaba-gaba, ya kuma buɗe da bugun da saura ƙiris ya faɗa rami kai tsaye. Suna isa rami na biyu kadinsa ya gaya masa cewa sanda 15 ce a jaka, alhali doka ta tsaya a 14. Ba shi ya ƙirga ba, ba shi ya ɗauko jakar ba. Ya fizgi sandar ya yi jifa da ita don takaici, amma tarar bugu biyu a katinsa ta sauka, David Duval ya tafi da kofin. Wannan fa kuskure ne tsagwaronsa, babu wanda ya nufi cuta. Ina ga wanda aka yi wa aikin da gangan, ya kuma ji daɗinsa?

Masu bin gasar ƙwararru sun fi son labarin Bobby Jones. A gasar US Open ta 1925, a Worcester ta jihar Massachusetts, yana gyara tsayuwa a cikin ciyawa sai ƙwallonsa ta ɗan gusa. Jami'an gasa ba su gani ba, har suka nemi ya bar maganar. Ya dage aka rubuta masa tarar bugu ɗaya. Aka tashi gasar ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka je wasan raba gardama ya sha kaye. Da aka dame shi da yabo, an ruwaito ya nuna cewa yabon tamkar a yaba wa mutum ne don bai yi fashi a banki ba. Labarin yana da daɗi, yana kuma tuna mini yarinyar nan mai sayar da madara a zamanin Sayyidina Umar, wadda ta ƙi zuba ruwa da dare domin Ubangijin Umar yana gani. Amma a ganina jarrabawar Jones ta fi ta Alhaji sauƙi ta wata fuska. Jones ya ga ƙwallo ta motsa, zaɓi biyu ne a gabansa, ya faɗa ko ya ɓoye. Alhaji ya samo hanya ta uku, wadda za ta ba shi ribar maƙaryaci ta bar masa sunan mai gaskiya, har a wurin kansa.

Wannan hanya ta uku tsohuwa ce. Duk wanda ya zauna tafsirin watan azumi ya ji ƙissar mutanen Asabar a Suratul A'araf, mazauna bakin teku da aka hana kamun kifi ranar Asabar, kifin kuma ya riƙa fitowa a ranar. Malaman tafsiri sun ce sai suka riƙa kafa taru tun Juma'a, su kwashe ranar Lahadi. Hannunsu bai taɓa kifi ran Asabar ba. Ba a karɓi wannan wayon ba, an ma tsananta musu, domin sun haɗa saɓo da raina hankalin Mai doka. A cikin Arba'una Hadis da muka haddace muna yara kuma, an ba mu ma'aunin da ba ya buƙatar alƙali: zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a ƙirji, kake ƙin mutane su tsinkaye shi. Da zuciyar Alhaji a kwance take, me ya kawo zancen taki a tsakiyar rami?

Na taɓa tayar da maganar a gaban wani abokina malamin jami'a, ya yi dariya ya ce na mai da wasa ibada. Wasa ne, in ji shi, ba gadon marayu ake rabawa ba, kuma yaron ladabi ya yi wa babba. Akwai ƙamshin gaskiya a rabin farko. Ban ce shurin ƙwallo daidai yake da cin dukiyar maraya ba, kuma na san mutanen da ba za su taɓa rage bugu ɗaya a kati ba, amma a ofis ba ka ba su ajiyar ko allura. Gaskiyar filin golf ba takardar shaidar shiga Aljanna ba ce, wani lokaci tsoron gulmar 'yan kulob ce kawai. Sai dai rabin na biyu ne ban yarda da shi ba. Yaron nan ba ladabi yake yi ba, lissafi yake yi. Ya lura cewa ranar da Alhaji ya tashi da kati mai kyau, hannunsa a sake yake. Ranar da ƙwallo ta kwana a ciyawa, sai tsaki da kuɗin mota da ƙyar. Ba wanda ya ce masa ya yi, aljihu ne ya koya masa. Yaro ɗan shekara sha-wani-abu ya taso ya gane cewa manya suna son a yi musu ha'inci, sharaɗin kawai kada a sa su gani. Wannan karatun zai tafi da shi duk inda rayuwa ta kai shi.

Mun kuma san ba a filin golf kaɗai ake wannan ba. Akwai mai gidan da bai taɓa karɓar na goro ba, direbansa ne ke karɓa. Akwai ɗan takarar da bai san wa ya ɗauke akwati ba, shi dai an ce ya ci, ya yi sujadar godiya. Bambancin golf shi ne abin yana faruwa taku ashirin daga inda kake tsaye, da rana tsaka, ba za ka ce labari bai iso ka ba.

Hukuncina shi ne, ƙafar yaron ce ta yi shurin, amma bugun na Alhaji ne, kuma kason yaron a laifin ya fi ƙanƙanta. Ina roƙon 'yan uwana masu wasan nan abu biyu. Ku yanke wa kadi haƙƙinsa ku ba shi cif tun kafin a buga ƙwallon farko, don kada abincinsa ya rataya a kan katinku. Sannan ku gaya masa da bakinku, a gaban abokan wasa, cewa in ya riga ku isa wurin ƙwallo ya tsaya nesa da ita ya nuna da hannu.