Wa Zai Tsaya Wa Mai Taɓin Hankali?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa Shari'a ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin salla da azumi muddin yana cikin wannan hali. Amma ba ta ɗauke masa haƙƙinsa ko ɗaya ba. Gadonsa yana nan, dukiyarsa tana nan, mutuncinsa kuwa haramun ne a keta shi. Shi ya sa aka ajiye babin hajru a littattafan Malikiyya, irin su Muhtasar na Shehu Halilu, domin a naɗa waliyyin da zai tsare masa abinsa. Aya ta 5 cikin Suratun Nisa'i ma ba ta tsaya ga ci da sutura ba, har da kyakkyawar magana ta yi umurni da ita.

To, mu yau ina muka sa wannan babi? Sai dangi su raba gado su tsallake shi, wai ai bai san kuɗi ba. A shekarar 2019 'yan sanda sun fitar da mutane wajen 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, alhali kuwa akwai masallatai a unguwar. Magabatanmu ba haka suka yi ba. Asibitin da Ahmad ɗan Tulun ya gina a Misira wajen shekarar 872 yana da sashe na masu wannan larura, ana yi musu magani kyauta.

A ganina tsaya wa irin wannan bawan Allah farilla kifaya ce, watau in wani bai yi ba, laifin ya hau kan jama'a duka. Aikin kuwa ba ya bukatar ilmin likita. Ka raka shi asibitin Barnawa, ko Dawanau, ko Kware. In ya kasa bayani gaban likita ka taimaka masa, amma kada ka ƙwace maganar daga bakinsa, domin sau da yawa ya fi kowa sanin abin da ke damunsa. In maganin yana sa shi rawar jiki ko yawan barci, ka tambaya ko akwai wani. Abin da ka ji a ɗakin likita kuma amana ce, ba ta shiga hirar majalisa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci damar zaɓen wakilin da zai yi magana da yawunsa.

Waɗansu za su ce aljanu ne, sai ruƙiyya. Addu'a ba ta hana magani. A yi masa tofi, a kuma ba shi ƙwayarsa kan lokaci. Wanda ya ce a jefar da ƙwayar, ko ya ɗauko bulala, mai tsaya masa ya hana shi, ko da kuwa malami ne.