Wardi A Cikin Ɗaki

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa takan busa a kan Jazira da bakin Shuɗin Nilu, daga Wad Madani har Sannar da Mai Wurno. Alkama tana jin daɗin wannan sanyi a gonaki. Amma wanda yake da ƙaramin wardi a tukunya yakan damu, domin iskar busasshiya ce, ga ƙura, ga awaki. Sai ya ɗauki tukunyar ya kai ta ƙuryar ɗaki, ya rufe taga, yana cewa ya tsare furensa.

Bayan 'yan makonni ganye sai ya koma rawaya ya fara zuba, rassa su yi tsawo ba ƙwari, suna miƙewa wajen ƙofa. An gudu ba a tsira ba. A Turai, inda ƙanƙara take sauka, wasu sukan shigar da irin wannan wardi ɗaki na watanni, duk da haka a bakin taga suke ajiye shi. Wardi yana bukatar hasken rana kamar awa 6 kowace rana. Sanyinmu bai kai ya kashe shi ba, duhun ɗaki ne yake cinye shi.

Mai kula da shi ya san abin yi. Yakan ajiye tukunyar inda ranar safe take shiga, nesa da kaskon wuta da hayaƙin gawayi. Baƙar ƙasar Jazira tana riƙe ruwa ƙwarai, saboda haka yakan gauraya ta da yashi, ya kuma huda gindin tukunyar don kada saiwa ta ruɓe. Ba ya zuba ruwa sai ya sa yatsa ya ji saman ƙasar ya bushe. Idan ya ga saƙa siririya kamar ta gizo-gizo a bayan ganye, ya san ƙananan ƙwari masu son busasshiyar iska sun zo, sai ya wanke ganyen da ruwa.

Annabi Iliya ma ya taɓa shiga ƙuryar ɗaki. Bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, Yezebel ta aika masa cewa za ta kashe shi. Ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Sau biyu mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa. Ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, ya shiga kogo. A cikin kogon nan ya tabbata a ransa cewa shi kaɗai ya rage mai tsoron Allah. Haka duhu yake yi wa zuciya, yana sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba.

Ubangiji ya kira shi ya fito ya tsaya a kan dutsen. Iska mai ƙarfi ta wuce, da girgizar ƙasa, da wuta, sa'an nan ya yi masa magana da murya marar ƙarfi. Ya sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya ba shi aiki, ya kuma ba shi Elisha abokin tafiya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023, ya kuma kai Wad Madani a Disambar 2023, iyalai da yawa sun watse. Waɗansu masu bi sun sami kansu a ƙauyen da babu majami'a, babu fasto. Gudun ceton rai ba zunubi ba ne, yin hankali kuma hikima ce. Haɗarin yana zuwa sa'ad da tsoro ya sa ka rufe Littafi Mai Tsarki, ka daina addu'a, ka daina neman 'yan'uwa. Bangaskiya ba ta mutuwa rana ɗaya, ganye ɗaya-ɗaya take zubarwa.

Ya kai ɗan'uwa, ya ke 'yar'uwa, wardi ba shi da ƙafar da zai kai kansa bakin taga, amma kai kana da ita. Kowace safiya ka buɗe Maganar Allah, ko aya 5 ce. Ka yi addu'a da iyalinka kafin barci. Ka kunna rediyo lokacin shirin bishara. Idan kuma ka san wani mai bi da ya yi shiru kwana biyu, ka tuna zumunta a ƙafa take: je ka gaishe shi cikin makon nan, ku yi addu'a tare.

Addu'a: Ya Uba na sama, ka san kogon da kowannenmu ya shiga. Ka fito da mu zuwa haskenka, ka ciyar da mu da Maganarka, ka haɗa mu da 'yan'uwa. Ka ba Sudan salama. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.