Tsutsa a Lambun Uwargida: Ina Iyakar Kisa?

Tsadar kayan miya ta sa da yawa daga cikinmu sun koma shuka abinsu. Wata a bayan ɗaki, wata a cikin buhuna da tsofaffin bokitai, wata kuma a ɗan fegin da ƙungiya ta karɓo aro a bakin fadama aka yanka wa kowace mace kunya biyar ko shida. Alayyahu, yakuwa, latas, tumatir, kuɓewa, abin gwanin sha'awa. To amma duk wadda ta taɓa shuka ta san ranar da za ta leƙa da sassafe ta tarar ganyen da ta yi sati uku tana ba ruwa ya zama kamar rariya. A wannan lokacin zuciya ba ta tambayar halal ko haram, cewa take yi a kawo magani a ƙone su duka. Wannan fushin nake so mu zauna mu duba, domin rai ne za a kashe, kuma ba ran tsutsa kaɗai ba.

Akwai hadisi sananne a Bukhari da Muslim, daga Anas (RA), wanda ma'anarsa ita ce abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga shukar Musulmi ana rubuta masa shi a matsayin sadaka. Sai wata ta ce, to tunda haka ne me ya sa zan kori tsuntsu, ba lada nake kora ba? A'a. Hadisin lallashi ne ga wanda ya yi asara, ba umarni ba ne a bar dukiya ta salwanta. Tsare dukiya wajibi ne, kuma malamai sun tafi a kan cewa abin da ke cutarwa ana tunkuɗe shi, ko da ta hanyar kisa ne idan babu wata hanya. Ɓera ma yana cikin abubuwa 5 da aka yarda a kashe ko mutum yana cikin harami. Saboda haka kada ki ji nauyin cire tsutsa daga kabejinki ki jefa wa kaji.

Amma hadisin yana gyara mana wani abu a zuci. Ke kina ganin lambun naki ne ke kaɗai, tunda ke kika sayi iri, ke kika ɗebo ruwa. Shi kuwa yana nuna miki cewa tun ranar da kika binne irin akwai masu rabo a ciki waɗanda ba ki gayyata ba. Wadda ta yarda da haka ba za ta ɗauki ganye uku da fara ta huda a matsayin yaƙi ba. Sai ɓarna ta kai ɓarna sannan za ta tashi, kuma ta tashi a kan mai laifin kaɗai. Ki tuna labarin wani Annabi daga cikin Annabawa da tururuwa ɗaya ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu gaba ɗaya, Allah Ya yi masa gyara a kan hallaka al'umma guda saboda laifin ɗaya.

To maganin feshi irin na kanti ba ya tantance mai laifi. Yana kashe tsutsar, ya kashe gizo-gizon da ke cin ta, ya kashe ƙoƙi-ƙoƙi, ya kashe ƙudan zuma. Kabewa da kokwamba da kankana furensu na namiji daban, na mace daban, idan ƙwaro bai ɗauki garin wannan ya kai wa wancan ba sai ki ga fure yana zubewa babu ɗa, ki yi ta zargin iri ko baki. Kuma ƙudan zuma da kwaɗo suna cikin waɗanda aka ruwaito hani a kan kashe su. Kwaɗon nan da kike ƙyama a gindin randa, dare yake kwana yana yi miki aikin da ba ki biya ba.

Ƙasar Sin ta gwada wannan fushin a babban mataki. A 1958 gwamnatin Mao ta sa jama'a su kashe gwara saboda tana cin hatsi. Aka yi ta buga kwanoni da ganguna har tsuntsayen suka riƙa faɗowa don gajiya, aka farfasa sheƙunansu. Ashe gwara tana cin fara da tsutsa ma. Ƙwari suka samu sake, kuma hakan ya ƙara wa yunwar 1959 zuwa 1961 muni, yunwar da ta ci miliyoyin mutane, duk da cewa tana da wasu dalilan. A 1960 aka cire gwara daga jerin abokan gaba.

Mu ma nan mun ga iyakar feshi. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta yi wa Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa kaca-kaca a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa ya tsaya don rashin kaya. Tsutsar tana shigewa cikin naman ganye da cikin ɗan tumatir, inda magani ba ya isa sosai, kuma tana saurin sabawa da guba. Manoma suka yi ta ninka feshi, tsutsa na nan, gubar kuwa ta zauna a kan abin da za a ci.

A nan ne maganar ta fi yi mini nauyi, wallahi. Zunubin da ya fi kusa da mai lambu ba na tsutsa ba ne, na wanda zai ci ne. Kowane maganin feshi na gaskiya yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba waɗanda dole a jira tsakanin feshi da tsinka. Sau nawa ake karantawa? A yi feshi da yamma, gari na wayewa mai saye ya zo da kuɗi a hannu, a yanke latas a ba shi saboda ya yi kyau, babu huda ko ɗaya. Latas kuwa ba dafa shi ake yi ba. Lansir da kabeji ma haka, kwaɗawa ake yi a ci ɗanye, mai ciki ta ci, mai shayarwa ta ci, yaro ya ci da buɗa-baki. Wanki yana rage na bayan ganye, amma wasu magungunan shiga jikin shuka suke yi, ruwa ba ya fitar da su.

Ki yi wa kanki tambaya ɗaya kafin ki miƙa: wannan daurin alayyahun, zan zuba shi a tukunyar gidana yau? Idan amsar a'a ce, to sayar da shi algus ne ko da mai saye bai tambaya ba, kuma kyautar da shi ga maƙwabciya ba alheri ba ne. Wata za ta ce, ai kowa haka yake yi, kuma idan na jira kwana bakwai ganyen zai tsufa, kuɗin makarantar yara fa? Wannan uzuri ne mai nauyi, ban raina shi ba. Amma maganinsa a lissafi yake: idan kin san tsinka ta kusa, kada ki yi feshin tun farko. Asarar ganye kaɗan taki ce, kuma an yi miki alkawarin lada a kanta. Ciwon da zai kama ɗan wata ba ki da ikon yanke masa shi.

Mun riga mun ga inda sakaci ke kaiwa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar da ake zuba masa don kashe ƙwari, irin sinadarin da ke cikin Sniper. Su sun iya rufe ƙofa. Mu da muke saye a mudu babu mai auna mana. Alhali buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe iska kawai, ba tare da ɗigon magani ba.

Ga ƙaramin lambu irin namu, hannu da ido sun fi kwalba. Ki juya bayan ganye da safe ki tsince ƙwai da tsutsa tun suna kaɗan. Ganyen da sharon ta shiga a tsinke shi a binne, kada a bar shi a gindin shuka. Toka a kan ganye mai raɓa tana rage wasu ƙwarin. 'Ya'yan darbejiya busassu a ɓare a daka, kamar giram 50 a lita 1 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa bayan la'asar lokacin da ƙudan zuma sun tafi. Ba ya kashewa nan take, hana tsutsar ci da girma yake yi, don haka sai an maimaita, sai kuma haƙuri. Tsohon gidan sauro ma yana rufe kunyar kabeji.

Saura akuyar maƙwabta, wadda ita ce ta fi raba zumunci. Haba 'yar'uwa, kada fushi ya kai ki ga ajiye dusa da guba a bakin shinge, kamar yadda ake jin wasu suna yi. Akuya ba ta san iyaka ba, kuma kaza ko mage ko ɗan da ke rarrafe na iya riga ta. Shari'a ta riga ta raba wannan gardama. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da aka yanke kan raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani: tsare shuka da rana yana kan mai shuka, ɓarnar dare kuma mai dabba ne zai biya. Idan da rana ta shigo, ki gyara dangarki da ƙaya ko ki dasa zogale a jere ki ɗaure da kara. Idan da dare ne, ki sa maigida ya yi wa mijinta magana, ko ki aika wata dattijuwa a unguwa ta je da daurin da aka ɓata a hannunta ta nuna mata.