Wa Ke Da Ikon Raɗa Wa Zamani Suna?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, akwai wata kalma da ta kama bakin ɗalibanmu, watau "zamanin zinariya", wadda suke kiran farkon daular Abbasiyawa da ita. Kalmar baƙuwa ce, an fassaro ta ne daga littattafan tarihi na baya-bayan nan. Bahaushe dai "ganiya" ya sani, kuma ba ya cewa abu ya kai ganiyarsa sai ya ga ya fara gangarowa. To, abin tambaya shi ne, wa ya cancanci ya raɗa wa zamani suna, waɗanda suka sha wahalarsa ko jikokin da suka gaji littattafansa?

Mu dubi Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Gaskiya ne a lokacin ne Alhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara, kuma a wannan ƙarnin ne Hunainu ɗan Ishaƙa, wani likita Kirista, ya juya littattafan likitancin Yunanawa zuwa Larabci. Amma fa Ma'amun bai hau gadon ba sai da rundunarsa ta kewaye Bagadaza fiye da shekara guda, aka ragargaza unguwanni, aka kashe ɗan'uwansa Amin. Shi ne kuma a 833 ya tsiri jarraba malamai a kan cewa wai Alƙur'ani halitta ne, fitinar da ta sa aka ɗaure Imam Ahmad ɗan Hambali, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim. Da za a shiga kurkukun nan a ce wa Imam, "Gafarta Malam, ai a zamanin zinariya kake," me ake tsammani zai ce?

Su kuwa waɗanda suka yi aikin da kansu, kalmominsu dabam ne, kuma duk na aiki ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa wa babban littafinsa suna Ihya'u, watau rayarwa, domin a ganinsa ilmin addini ya kusa mutuwa a hannun malaman fada da masu jayayya. Kalmar tajdidi, watau jaddadawa, ta samo asali daga hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito game da mai sabunta wa al'umma addininta a kan kowace shekara ɗari, ba a kuwa sabunta abin da bai tsufa ba. Larabawan ƙarni na 19 suka ce nahda, miƙewa tsaye, bayan irin su Rifa'atu Ɗahɗawi sun je Faransa a 1826 sun ga yadda aka bar su a baya. Ko namu "farfaɗowa" haka take, sai wanda ya suma ake cewa ya farfaɗo. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi da amsa laifi take farawa.

Nan ne damuwata take. Wanda ya ce zinariya ya ɗauki zamanin kamar kayan ado, a ajiye a adaka, a fito da shi ranar da za a yi wa baƙo alfahari. Ba ya neman komai daga gare ka sai yabo. Ban ce a daina yaba wa magabata ba, hakkinsu ne a kanmu. Abin da nake tsoro shi ne yabon da ke goge bulalar Imam Ahmad daga labari, har yaro ya tashi yana zaton mutanen kirki sai a zamanin da babu zalunci ake samun su, saboda haka shi nasa zamanin uzuri ne gare shi.

Mu ma nan gida muna da shaida. Yau muna ƙirga shekarun da suka biyo hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804 a matsayin ganiyar ilmi a ƙasar Hausa, kuma haka ne. Amma Malam Abdullahi na Gwandu, wanda yana cikin jagororin jihadin, ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan jama'a tun ana tsakiyar yaƙi, har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar ba zai dawo ba. Mutanen Kano ne suka tsare shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake shugabanci bisa shari'a. A can ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, sa'an nan ya juya ya koma wurin Shehu.