Ƙuncin Zuciya da Matasanmu a Ƙasar Baƙunci



Shekarar da na zo Ingila karatun digiri na biyu, hunturun farko ya kusa karya ni. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, in koma ɗaki ni kaɗai, barci ya ƙaurace mini. In na kira gida sai a ce: "Kana Turai, me ka rasa?" Sai na yi shiru.

Matasanmu da yawa suna cikin wannan shirun, suna tsoron a ce imaninsu ya raunana. Alhali Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu kuwa, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah (SAW).

Aikin injiniya ya koya mini cewa ƙaramar tsaga ce ke girma a ɓoye har ƙarfe ya karye. Idan matashi ya daina zuwa Juma'a, kada mu fara da zargi. Mu ƙwanƙwasa ƙofarsa, mu saurare shi, mu raka shi wurin likita, mu haɗa da addu'a. Ni ma haka wani dattijo ya yi mini.

Allah Ya yaye mana ƙunci, amin.