Ribar da ake ci da kunyar dangi

 

Ƴan'uwa Musulmi, ƙwayoyi da garin ƙarin lafiya sun shigo gidajenmu ta hannun matanmu. Kamfani yana ce wa uwa: sayi kaya ki shiga, ki sayar daga ɗakinki, ki kawo wasu, kina da kaso a duk abin da suka saya. Ana tambayarmu hukuncin wannan.

Ciniki halal ne, dillanci ma haka, kuma sana'ar cikin gida tsohuwar aba ce a wurinmu: mai ƙuli-ƙuli da mai fura ba su taɓa buƙatar fatawa ba. Abin dubawa shi ne inda ribar take fitowa. Idan daga kayan ne, madalla. Idan daga kuɗin sababbin shiga ne, to a yi lissafi: kowa ya kawo mutum 5, su ma su kawo biyar-biyar, a hawa na 11 ana neman mutum fiye da miliyan 48, abin da ya zarce jama'ar Nijar baki ɗaya. Ke nan tilas na ƙasa su yi hasara domin na sama su ci. Saboda garari da kuɗin ruwa ne kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta wannan tsari a 2004. A Amurka ma, a 2016, hukumar kula da ciniki ta sa Herbalife ya biya dala miliyan 200, ya kuma ɗora ladan wakilansa bisa kayan da aka sayar da gaske.

Amma abin da ya fi damunmu yana cikin gida. Wa uwar nan za ta tallata wa? Ƙanwarta, maƙwabciyarta, matar da suke karatu tare a makaranta. Waɗannan ba kayan suke so ba, kunya ce ta hana su cewa a'a, alhali sharaɗin ciniki shi ne yardar zuciya. Sai a ɗebi kuɗin cefane a sayi kwalba ɗaya, ga zogale da wake da nono a kasuwa da araha. Mafi muni, mai talla takan ce kayan suna warkar da ciwon suga ko tamowa, ita kuwa ba likita ba ce. Yaron da ya rame, asibiti ya kamata a kai shi a auna. Idan maganarta ta jinkirta kai shi, wannan jinkirin yana wuyanta ko da ba ta yi nufin cuta ba.