GASA DA HASSADA: INA IYAKAR TAKE?

Ya ke 'yar'uwa mai karatu, bari in fara da tona asirin kaina. Ina aji uku na sakandare na zo ta ɗaya a jarrabawa, aminiyata da muke cin abinci kwano ɗaya ta zo ta huɗu. Tun daga ranar da aka karanta sakamako ta sauya min fuska. Na yi sallama, a amsa min da ƙyar; na yi wasa, a ce ina da girman kai. Da zango na gaba ya zo, wallahi da gangan na bar tambayoyi biyu ban amsa ba a lissafi, don kawai in sauko mu shirya. Mun shirya ɗin kuwa. Amma har yau in na tuna sai in tambayi kaina: alheri na yi mata, ko cutarmu na yi mu duka biyun?

Abin da ya taso min da wannan tsohon miki shi ne labarin wani kocin ƙwallon ƙafa a Amurka mai suna Anson Dorrance. Kada ki ce ina ruwanki da ƙwallo, ki dai biyo ni. Wannan bawan Allah ya karɓi ƙungiyar 'yan mata ta Jami'ar Karolina ta Arewa a 1979, bai ajiye aikin ba sai a 2024. Shekara 45 ke nan. A tsawon wannan lokaci 'yan matansa sun ɗauki kofin jami'o'in ƙasar sau 22, tara daga ciki a jere, daga 1986 zuwa 1994. Shi ne kuma ya jagoranci matan Amurka suka ci kofin duniya na mata na farko, wanda aka yi a ƙasar Sin a 1991, inda suka doke Nowe da ci 2 da 1.

To mene ne sirrin? Dorrance ya lura cewa da yawa cikin 'yan matan da ke zuwa masa gwanaye ne, amma in aka haɗa su da abokan wasansu a atisaye sai su riƙa sassautawa, kada ƙawa ta ji haushi. Irin ciwona sak! Sai ya ɗauko wata dabara da ya gani a wajen Dean Smith, kocin ƙwallon kwando na jami'ar, wanda ya horar da Michael Jordan. Duk abin da aka yi a atisaye sai a rubuta: wa ta fi gudu, wa ta ƙwace ƙwallo, wa aka ƙwace wa. Daga nan a jera sunaye daga ta ɗaya har ta ƙarshe, a manna kowa ya gani. Ya raɗa wa tsarin suna tukunyar gasa.

Tukunyar kuwa ta dafa manya. A cikinta Mia Hamm ta nuna, wadda ta shiga ƙungiyar ƙasa tana 'yar shekara 15, ta kuma ci wa Amurka ƙwallo 158. Daga cikinta Kristine Lilly ta fito, wadda ta buga wa ƙasarta wasa 354. Akwai Sarina Wiegman 'yar ƙasar Holan, da ta yi wasa a can a 1989, daga baya ita ma ta zama koci, ta ci kofin Turai da Holan a 2017, ta sake ci da Ingila a 2022 da 2025.

Da na fara jin labarin nan raina bai kwanta ba. Na ce haba, wannan ai tozarci ne. Ki ɗauki kanki a matsayin wadda sunanta ke can ƙasan takarda, kullum ki wuce ki gan shi, ƙawayenki ma su gani. Ana ta ambaton Mia, wa ke tuna ta ƙarshe? Kuma mu mata mun san abin da kwatance ke haifarwa. Mun ga gidan da maigida ya ce miyar wance ta fi ta wance, aka shekara ana gaba. Ni kaina na taɓa cewa ƙaramar 'yata, "Ke ba ki ganin yayarki?" Yarinyar nan ta sunkuyar da kai, ranar ko tuwon dare ba ta ci ba. Idan kwatance yana ƙona zuciya haka a gida, don me za a yaba masa a fili?

Na daɗe ina juya maganar, sai na ga ashe abubuwan biyu kama suka yi, amma ba ɗaya ba ne.

Na farko, takardar koci aiki take aunawa, ba mutum ba. Cewa take gudunki bai kai ba, ba ta ce ke ba kowa ba ce. Ni kuwa da na ce "ba ki ganin yayarki", ban nuna wa yarinyar abin da za ta gyara ba. Abin da ta ji kawai shi ne an fi son yayarta.

Na biyu, takardar tana canzawa. Wadda ke ƙasa yau, in ta dage, gobe ta hau. Amma wadda aka gwada da 'yar'uwarta a kan fari ko tsawo ko yawan haihuwa, ta wace hanya za ta hau? An rufe mata ƙofa, sai hassada ta shigo ta taga.

Na uku, kuma shi ya fi tsaya min a rai: ranar wasa dukkansu riga ɗaya suke sawa. 'Yar bayan da ta hana Mia sakat a atisaye, ita ce ta wasa ta kamar yadda dutse ke wasa wuƙa. Da ta tausaya mata ta ba ta hanya, da ranar da suka gamu da abokan hamayya na gaske an sha su. Ashe sassauci a nan ba ƙauna ba ce, ha'inci ne.

Ban ce a kwaso tsarin nan a kawo tsakar gida ba. Waɗancan 'yan mata manya ne, da ƙafarsu suka je, in sun ga dama su bari. 'Yarki ba ta zaɓi gidanku ba, kuma son uwa ba kofi ba ne da za a ce sai an yi gudu a ci. Amma akwai abin ɗauka. Mai gasa tana kallon wadda ta fi ta, ta ce bari in ƙara himma in kamo ta. Mai hassada cewa take bari in jawo ta ƙasa. Akwai kuma ta uku da ba a cika maganarta ba, wato irina, mai rage hasken fitilarta don kada idon ƙawa ya yi zafi. Ita ma ba ta kyauta ba, domin ta tabbatar wa ƙawar cewa fushi yana biya.

Da a ce za a mayar da ni aji uku, da na amsa tambayoyin nan biyu tsaf, da yamma kuma in ɗauki littafin lissafi in tafi gidansu mu zauna. Wataƙila ta karɓe ni, wataƙila ta ƙi. Ko ba komai dai na ba ta abin da ya fi saukowata amfani.

Kwanan baya ƙaramar tawa ta kawo sakamako, ta tashi daga ta 19 zuwa ta 12. Har bakina ya buɗe zai ambaci yayarta, sai na haɗiye. Na ɗauko takardarta ta wancan zangon na ajiye kusa da sabuwar, na ce, "Duba ki gani, kin wuce wannan yarinyar." Ta yi dariya ta ce, "Umma, ai ni ce." Na ce to ita nake so ki riƙa tserewa.

Allah ya raba mu da hassada, ya kuma ba mu zuciyar yi wa 'yar'uwa murna in ta wuce mu.